Morava: Kogin da Sunansa Ya Faɗi Halinsa

Masu iya magana na cewa suna linzami ne. Duk mai son ganin gaskiyar wannan magana sai ya dubi wani kogi na tsakiyar nahiyar Turai da ake ce ma Morava. Ba ya cikin manyan kogunan duniya, tsawonsa kilomita 350 ne da ƴan kai, kuma shi kansa ba ya isa teku, sai dai ya juye ruwansa cikin kogin Danub. To amma shi ne ya ba wani babban yanki na ƙasar Cek suna, a bakinsa ne aka kafa ɗaya daga cikin daulolin farko na Silabawa, kakannin Cekawa da Slobakawa, kuma yau shi ne ke raba ƙasashe ukku. Sunan nasa kuwa, in aka bi asalinsa, ma'anarsa ruwa mai kwanciya, wato abin da Bahaushe zai kira fadama. Mutanen da ke zaune bakinsa sun yi shekaru aru-aru suna cin amfanin wannan fadama, daga baya suka so raba kogin da ita, har sai da ya tuna masu da sunansa cikin 1997.

Daga ina ya fito, ina ya nufa

Morava ya samo mafarinsa daga wani marmaro a jikin dutsen Kralicky Sneznik, kan iyakar Cek da Polan. Ƙololuwar dutsen na da tsawon mita 1423, idon ruwan kuwa yana ƙasa kaɗan, wajen mita 1380. Wurin yana da wani abin mamaki. Kusa da shi akwai wani dutse da Polawa ke kira Trojmorski Wierch, ma'ana dutsen tekuna ukku. Ruwan saman da ya sauka kansa yakan rabu gida ukku: wani ya bi kogin Oder zuwa Tekun Baltik, wani ya bi kogin Elbe zuwa Tekun Arewa, wani kuma ya shiga Morava, daga nan Danub, har Bahar Aswad. Ɗigon ruwa biyu da suka faɗo taku kaɗan tsakaninsu suna iya ƙarewa cikin tekuna biyu masu nisan gaske.

Daga dutsen, kogin ya miƙa kudu. A kilomitocin farko yana gangarowa da gudu cikin kwazazzabo, amma ba ya daɗewa sai ƙasa ta shimfiɗe, shi kuma ya lafa. Kafin ya kai birnin Olomouc yakan rarrabu rassa-rassa cikin wani kurmi mai dausayi da ake kira Litovelske Pomoravi, wanda hukuma ta keɓe tun 1990. Bayan Olomouc sai ya ratsa Hana, yankin da ya yi suna wajen noman alkama da sha'ir saboda ƙarfin ƙasarsa. A nan kogin Becva ke shigo masa daga gabas. Sannan ya wuce ta Kromeriz, Otrokovice, Uherske Hradiste da Hodonin. Daga wajajen Hodonin ya zama iyaka tsakanin Cek da Slobakiya. Ƙasa kaɗan sai babban reshensa, wanda Cekawa ke kira Dyje, Jamusawa kuma Thaya, ya same shi daga yamma, kuma daidai mahaɗar tasu ce ƙasashen Cek, Slobakiya da Ostiriya suka haɗa iyaka. Daga nan, tsawon kilomita kusan 70, Ostiriya na hannun dama, Slobakiya na hannun hagu, har ya faɗa Danub a gindin dutsen Devin, gefen birnin Bratislava.

Ƙasar da ke tura ruwanta cikin Morava ta zarce murabba'in kilomita dubu 26, kuma a matsakaici yana zuba wajen lita dubu 110 cikin Danub kowane sakan. Abin lura a nan shi ne, a ƙarshen tafiyarsa ƙasar ba ta da gangare sosai, ruwan sai ya riƙa ja kamar ba ya so. Ga shi kuma ambaliya na zo masa ta hanya biyu. Cikin watannin Maris da Afrilu dusar ƙanƙara ta narke kan duwatsu, ya cika ya batse. Tsakiyar shekara kuwa, in Danub ya kawo, sai ya toshe masa baki, ruwan ya koma baya ya malale fadamu. Wannan shi ne halin kogin tun fil azal.

Asalin sunan

Rumawa ne suka fara rubuta sunan. Marubucinsu Pliny Babba, wanda ya rasu a shekara ta 79 miladiyya, ya ambaci kogin da sunan Marus. Bayansa masanin tarihi Tacitus ya ba da labarin yadda Rumawa suka zaunar da wasu ƙabilun Jamusawan dauri hayin Danub, tsakanin kogin Marus da wani kogin mai suna Cusus, suka naɗa masu sarki mai suna Vannius. Sai dai Rumawa ba su ne suka raɗa sunan ba, a bakin mutanen wurin suka tarar da shi.

Akasarin masana harshe sun danganta shi da wata tsohuwar saiwar kalma, mar ko mor, wadda ke nufin ruwa mai tsayawa, tabki ko dausayi. Daga wannan saiwa ce kalmar teku ta fito cikin harsuna da dama na Turai: mare a Latin, mer a Faransanci, Meer a Jamusanci, more a harsunan Silabawa. Masanin nan Bajamushe Hans Krahe, a tsakiyar ƙarni na 20, ya nuna cewa da yawa daga cikin sunayen kogunan Turai sun girmi harsunan da ake yi a bakinsu yau, kuma ma'anarsu ba ta wuce ruwa, gudu ko kwarara. Dalili shi ne, al'umma na tashi wata ta zo, gari na rushewa a sake wani, amma baƙon da ya iso yakan tambayi wanda ya tarar sunan kogi, ya riƙe shi, ya lanƙwasa shi daidai harshensa.

Haka ta faru ga Marus. Jamusawan dauri suka liƙa masa kalmarsu ta ruwa, ahwa, wadda ƴar'uwa ce ga aqua ta Latin, ya koma Marahwa, daga baya Maraha. In an duba da kyau, sun kira shi ruwan fadama ke nan, ko ma a ce ruwan ruwa. Da Silabawa suka iso yankin wajen ƙarni na 6, sai suka maida shi Morava, da ƙarshen nan ava da ake ji cikin sunayen wasu kogunan nasu kamar Vltava, Opava da Jihlava. A bakin Jamusawa sunan ya ci gaba da gajercewa har ya zama March, mutanen Hangari kuma suna cewa Morva. Kogi guda, suna ukku, asali guda.

Akwai wani ruɗani da ya kamata mai karatu ya sani. Cikin Jamusanci akwai kalmar Mark, wadda a da take nufin iyaka ko lardin bakin iyaka. Da yake March ya yi kama da ita, kuma ga kogin ya daɗe yana zaman iyaka, mutane da yawa sun ɗauka ma'anar sunan ke nan. Masana harshe sun ce kama ce kawai, kuma kama da wane ba ta wane. Sunan yana nan tun kafin a shata wata iyaka a wurin.

Kogin da ya ba ƙasa suna

A harshen Cek, kalmar Morava na nufin kogin, tana kuma nufin ɗaukacin yankin gabashin ƙasar, wanda birnin Brno ne mafi girma cikinsa. Turawan wasu ƙasashe na kiran yankin Moravia, Jamusawa kuma Mähren. Karon farko da sunan mutanen ya fito a rubuce shi ne cikin 822, inda kundin tarihin fadar sarakunan Faranka ya lissafa su cikin waɗanda suka aiko manzanni taron Frankfurt.

Wajen 833 wani sarki mai suna Mojmir ya haɗa kan yankin ya kafa daula. Magajinsa Rastislav ya aika ma sarkin Rumawan Gabas, Mika'ilu na III, a birnin da ake kira Istanbul yau, yana neman malaman da za su koyar da jama'arsa cikin harshensu. A 863 aka turo masa ƴan'uwa biyu, Siril da Metodiyus, waɗanda suka zo da haruffan da suka tsara domin rubuta harshen Silabawa, haruffan Glagolitik. Daga baya almajiran makarantarsu a ƙasar Bulgariya suka fito da wasu haruffan da aka laƙaba ma sunan Siril, waɗanda Rashawa da Sabiyawa ke rubutu da su har yau. Daular ta kai ƙarshen ƙarfinta zamanin Svatopluk, wanda ya rasu a 894, sannan ta rushe a farkon ƙarni na 10 lokacin da Magyar, kakannin mutanen Hangari, suka mamaye yankin. Masu haƙar kayan tarihi sun tono tushen majami'u da dama, kaburbura da kayan zinariya a Mikulcice, kan tsibiran da ke tsakanin rassan kogin. Mutanen wancan zamani sun gina birninsu cikin fadama da gangan, domin ruwan ya zame masu ganuwa.

Sunan ya jawo gardama ma tsakanin masana tarihi. Akwai wani kogin Morava daban a ƙasar Sabiya, shi ma cikin Danub yake zuba, Rumawa kuwa Margus suke kiransa. Laƙabin Babbar Moravia ya fito ne daga littafin da sarkin Rumawan Gabas, Konstantin na VII, ya rubuta wajen 950. A 1971 wani masani, Imre Boba, ya ce daular a kudu take, kusa da Moravan Sabiya. Yawancin masana ba su karɓi ra'ayinsa ba, musamman saboda abubuwan da aka tono a Mikulcice da Stare Mesto. Maganar ba ta makaranta ba ce kawai, domin gabatarwar tsarin mulkin Slobakiya ta ambaci gadon Babbar Moravia da na Siril da Metodiyus, kuma Cek da Slobakiya duk suna tunawa da ƴan'uwan biyu ranar 5 ga Yuli.

Daga hanya zuwa shinge

A zamanin Rumawa kwarin Morava hanyar fatake ce. Ta nan ake bi da wani ƙaro mai daraja da ake samu bakin Tekun Baltik, a gangaro da shi zuwa birnin Carnuntum da ke bakin Danub, daga nan a wuce Italiya. Tun ƙarni na 11 kuwa ƙarshen kogin ya zama iyaka tsakanin Ostiriya da masarautar Hangari, abin da ya sa ake lissafa ta cikin tsofaffin iyakokin Turai. Filin da ke yammacinsa, Marchfeld, daga kogin ya samo suna, kuma a can aka gwabza yaƙin 26 ga Agusta 1278, kusa da Dürnkrut, inda Rudolf na gidan Habsburg tare da sarkin Hangari suka ci sarkin Bohemiya, Ottokar na II, wanda ya mutu a fagen. Shekaru goma kafin nan shi Ottokar ne ya kafa garin Marchegg a bakin kogin domin tsaron iyakarsa. Daga wannan yaƙi gidan Habsburg ya kafu a Ostiriya, bai sauka ba sai 1918.

Lokacin da kogin ya fi ganin baƙin ciki shi ne tsakanin 1948 da 1989, sa'ad da ya zama wani ɓangare na Labulen Ƙarfe da ya raba Turai ta gurguzu da ta Yamma. A gefen Cekoslobakiya aka ja waya mai ƙaya, aka gina hasumiyoyin tsaro, aka hana talaka zuwa bakin ruwa. A Devin mutum na hangen Ostiriya ƙarara, ƴan mitoci ne tsakani, kuma mutane da dama sun rasa ransu wajen ƙoƙarin ƙetarawa. Yau a mahaɗar Morava da Danub akwai wata ƙofar siminti mai alamun harsashi, Ƙofar Ƴanci, da aka kafa a 2005 domin tunawa da mutum wajen 400 da suka mutu kan iyakokin ƙasar suna neman fita. Ranar 10 ga Disamba 1989 dubban mutanen Bratislava suka taka da ƙafa har garin Hainburg na Ostiriya ba wanda ya tare su. Ranar 1 ga Janairu 1993 Cek da Slobakiya suka rabu cikin lumana, kogin ya sami sabuwar iyaka a tsakiyarsa, sannan a Disamba 2007 ƙasashen biyu suka shiga yarjejeniyar Schengen aka ɗage shingayen bincike.

Har kadarko ma sai da suna ya jawo magana. A 2012 aka gina wani na masu kekuna da masu ƙafa tsakanin Devinska Nova Ves da fadar Schloss Hof. Da aka nemi ra'ayin jama'a ta intanet, sunan ɗan wasan finafinan Amurka Chuck Norris ne ya zo na ɗaya da rata mai yawa. Hukumomin yankin suka ƙi, suka sa masa Kadarkon Ƴanci, domin girmama waɗanda suka mutu a wurin.

Ranar da kogin ya koma gidansa

Tun ƙarshen ƙarni na 19, injiniyoyi suka duƙufa wajen gyara Morava. Aka yanke masa lanƙwasa, aka miƙe hanyarsa, aka yi masa ganuwa hagu da dama, aka tsane fadamu aka maida su gonaki, unguwanni da masana'antu. Kamfanin takalma na Bata, wanda aka kafa a 1894 a garin Zlin, bakin wani ƙaramin reshen Morava, kuma wanda takalmansa suka yi suna har kasuwannin Afirka ta Yamma, ya gina masana'antu cikin dausayin Otrokovice. Tsakanin 1934 da 1938 aka haƙa kanal mai tsawon kilomita wajen 52 da ke ɗauke da sunan Bata, domin jigilar gawayin ƙasa da kuma ban ruwa. Yau masu yawon buɗe ido ne ke shawagi cikinsa da ƙananan jirage.

Abin da aka manta shi ne, fadama ma'ajiyar ruwa ce. In kogi ya cika ya malala cikinta, ƙarfinsa ya ragu, ruwan ya isa garuruwan ƙasa sannu a hankali. In aka matse shi tsakanin ganuwa biyu, duk ruwan sai ya taho lokaci guda, kuma inda ganuwar ta fashe, nan ne masifa za ta sauka. A farkon Yuli 1997 aka yi kwanaki ana sheƙa ruwa kan duwatsun arewacin yankin. Morava da Becva suka ƙetare ganuwa suka koma tsofaffin fadamunsu, waɗanda yanzu gidajen mutane ne. Olomouc da Otrokovice da Uherske Hradiste suka nutse. A ƙauyen Troubky, kusa da mahaɗar kogunan biyu, mutum 9 suka mutu, gidaje wajen 150 suka rushe. A faɗin ƙasar Cek mutum wajen 50 ne suka rasu, asarar dukiya kuwa ta haura miliyar 60 na kuɗin ƙasar. A wuraren da aka bar kurmi da dausayi yadda suke, kamar Litovelske Pomoravi, dajin ya shanye ruwa mai ɗimbin yawa, kuma da ya janye itatuwan na nan tsaye. A Afrilu 2006 abin ya faɗa ma gefen Ostiriya, inda ganuwa ta fashe ruwa ya shiga Dürnkrut.

Daga nan tunani ya fara sauyawa. A Olomouc aka faɗaɗa hanyar kogin cikin gari, aka sake gina kadarkai domin ruwa ya sami wurin wucewa. A kan iyakar Ostiriya da Slobakiya aka cire duwatsun da aka daɓe gaɓa da su a wasu wurare, aka sake buɗe ma wasu tsofaffin rassa baki. Da guguwar Boris ta kawo wani ruwan mai tsanani a Satumba 2024, garin Litovel ya sha ruwa, Troubky ma ta sake shan nata, amma Olomouc ta tsira daga irin ɓarnar 1997. Aikin bai ƙare ba, kuma gardama na nan tsakanin masu son a ƙara gina baraji da ganuwa da masu cewa a maida ma kogin filinsa. Kowane ɓangare na da hujja, domin filin da za a maida ma kogi gonar wani ce ko gidan wani.

Baƙin da ke zuwa daga Afirka

Wani abin da ba a yi zato ba shi ne, shekaru arba'in na waya da bindiga sun kare ƙarshen kogin daga gine-gine. Da aka ɗage shinge sai aka tarar da fadamun Morava da Dyje cikin mafi kyau da suka rage a tsakiyar Turai, kuma ƙasashen ukku sun sa su ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi. A Marchegg akwai wani gandun da farar shamuwa ke sheƙa kan tsofaffin itatuwa, ɗaya daga cikin mafi girma irinsa a yankin. Ƴar'uwa ce ga shamuwar da manomanmu ke jira a farkon damina, sai dai ita ta fi girma, fara ce mai baƙin fiffike da jan baki. Tana isa can cikin Maris da Afrilu, daidai lokacin da ambaliya ta cika fadamu da kwaɗi da ƙananan kifaye, ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe. Cikin Agusta sai ta kamo hanyar kudu. Da yake ba ta iya doguwar tafiya saman teku, takan bi ta mashigin Istanbul, ta ratsa Gabas ta Tsakiya da kwarin Nilu, ta sauka Sudan da Cadi inda take kiwon fara, wasu ma su zarce gabashi da kudancin Afirka. In fadamun can suka bushe, tsuntsayen da ke rage ma manomin Cadi fara su ma za su ragu.

Mutanen da suka fara kiran wannan kogi Mar ba su bar rubutu ba, ba a ma san da tabbaci wane harshe suke yi ba. Amma sun dubi ruwan sun faɗi abin da suka gani, kuma sama da shekaru dubu biyu bayan haka maganarsu ba ta faɗi ƙasa ba. A ko'ina cikin duniya akwai unguwanni da sunansu ke nufin tabki, kwari ko fadama, kuma akan raba filaye cikinsu in aka jera shekarun fari. Kafin hukuma ta sa hannu, kafin magidanci ya zuba tubali, yana da kyau a tambayi tsofaffi dalilin da ya sa aka raɗa ma wurin wannan suna. Mutanen Troubky sun sami amsar tasu cikin dare guda. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.